Abin da ya sa buhun taki ɗaya ke ba manoman Ikara, Maƙarfi da Kudan amfani daban-daban

A ƙananan hukumomin Ikara, Maƙarfi da Kudan da ke arewacin jihar Kaduna, manoma biyu da gonakinsu ke maƙwabtaka kan sayi irin masara ɗaya da taki ɗaya, su yi shuka rana ɗaya, amma da kaka ɗaya ya cika rumbu, ɗayan kuma ya kasa mayar da kuɗin takinsa.

Sau da yawa akan ɗora laifin a kan jabun taki ko ƙarancin ruwa. Sai dai masana kimiyyar ƙasa na cewa babban ɓangare na amsar yana cikin ƙasar kanta, musamman taku ɗaya zuwa biyu na samanta, inda saiwa ke neman abinci.

Yankin na samun ruwan sama kusan milimita 1,000 a shekara, tsakanin Mayu da Oktoba. Yadda ƙasa ke riƙe wannan ruwa ne ya bambanta daga gona zuwa gona.

A jigawa mai rairayi, ruwa na zurarewa ƙasa da sauri, kuma yana tafiya da sinadarin naitirojin zuwa inda saiwar masara ba ta kaiwa. A jangargari, ƙarfen da ya ba ƙasar jan launi yakan kama wani ɓangare na sinadarin fosfaras ya hana shuka samunsa. Inda marmara ke kusa da sama, saiwa ba ta nutsewa, don haka fari na kwanaki kaɗan ya isa ya lanƙwashe ganye.

Fadama, wadda raken Maƙarfi da tumatirin rani na Kudan da Ikara suka dogara da ita, tana da nata halin. Idan ruwa ya kwanta, iska ba ta shiga ƙasar, sai ƙananan halittun da ke cikinta su mayar da naitirojin iskar da ke tashi sama. Alamar irin wannan wuri ita ce laka mai ruwan toka da ɗigo-ɗigon tsatsa.

Lokaci ma yana da tasiri. Ruwan farko bayan dogon rani yana farkar da waɗannan halittu, su ruɓar da ganye da kashin dabbobi, su saki naitirojin mai yawa cikin 'yan makonni. Wanda ya yi shuka da wuri ya ci moriyarsa. Wanda ya makara kuwa, mamakon Yuli da Agusta ya riga ya wanke shi.

Cibiyar Binciken Aikin Gona ta IAR da ke Samaru, Zariya, wadda aka kafa a 1922, ta fara wani gwaji a 1950 na kwatanta kashin shanu da takin zamani a fili ɗaya shekara da shekaru. Darasin da ya fito shi ne dogaro da takin naitirojin zalla na ƙara wa ƙasa tsami, yayin da haɗa shi da takin gargajiya ke kare ƙarfinta.

A aikace, manomi zai iya zagaya gonarsa washegarin ruwa mai ƙarfi ya lura da inda ya bushe da wuri da inda ruwa ya kwanta. A ɓangaren rairayi, raba yuriya kashi biyu ko uku ya fi zuba ta lokaci ɗaya, kuma a binne ta, domin wadda aka bari a sarari tana tashi a iska. Can ne kuma ya fi dacewa a kai takin gida. A kwari, a ɗaga kunya a buɗe wa ruwa hanya kafin a sa taki.

Yuriya na ɗauke da naitirojin kashi 46 cikin 100, wato kilo 23 a buhu mai kilo 50. Da tsadar da taki ya yi, sanin inda za a zuba kowane mudu na iya raba riba da asara a damina mai zuwa.