Ciwon Sukari da Tsamin Jini: Bayani ga Majiyyata da Iyalansu

Mene ne tsamin jini?

Jiki yana buƙatar insulin domin sukarin da ke cikin jini ya shiga tsoka da sauran sassan jiki ya ba su ƙarfi. Idan insulin ya yi ƙaranci, sai jiki ya koma ƙona kitse. Ƙona kitsen yana haifar da sinadaran da ake kira kiton, waɗanda idan suka taru sukan sa jini ya yi tsami. Likitoci suna kiran wannan yanayi DKA. Yana iya tsananta cikin awa 24, ya kai ga doguwar suma ko rasa rai.

Me ke jawo shi?

An fi samunsa ga masu ciwon sukari nau'i na 1, amma yakan kama masu nau'i na 2. Abubuwan da suka fi jawo shi su ne tsallake allurar insulin, da zazzaɓi, da ciwon huhu ko na mafitsara. Masu shan dapagliflozin ko empagliflozin suna iya kamuwa ko da sukarinsu bai hau ba.

Alamomi

• ƙishirwa mai tsanani da yawan fitsari
• tashin zuciya, amai da ciwon ciki
• numfashi mai zurfi da sauri
• warin 'ya'yan itacen da suka nuna sosai a baki
• kasala, gyangyaɗi ko ruɗewa

Abin da za ku yi

Idan ba ku da lafiya, ko sukarinku ya kai 11 mmol/L, ku auna kiton a jini:

• ƙasa da 0.6: babu damuwa
• 0.6 zuwa 1.5: ku sake aunawa bayan awa 2
• 1.6 zuwa 3: ku tuntuɓi ma'aikatan ciwon sukari ko ku buga 111
• sama da 3: ku buga 999 nan take

Kada ku daina allurar insulin ko da ba ku iya cin abinci, kuma ku riƙa shan ruwa. Mai azumi da ya ga waɗannan alamomi ya karya azuminsa ba tare da jinkiri ba.

A asibiti

Za a ƙara muku ruwa, da insulin, da gishirin potashiyam ta jijiya, a riƙa auna jininku har tsamin ya gushe. Kuna da 'yancin neman tafinta kyauta.