Ciwon Fitsari Ga Mai Ciki: Abin Da Ake Rubutawa a Karne Da Abin Da Ake Biya

Ƴar'uwa, in kin zo asibiti da zafin fitsari, tambaya ta fari da ma'aikaci zai yi miki ita ce: yaushe kika ga al'adarki ta ƙarshe? Mun sani mata da yawa ba su son faɗin ciki tun yana ƙarami, balle in na fari ne, balle kuma in uwar miji tana tsaye kusa. Amma ki faɗa, ko da a kunnen ungozoma ne. Amsar nan ita ce za ta nuna maganin da za a ba ki, da abin da za a rubuta a karnenki, har da kuɗin da za ki biya.

Fitsari yana fitowa daga ƙoda biyu, ya gangaro ta ƴan hanyoyi zuwa mafitsara. In mace tana da ciki, hanyoyin nan sukan saki, mahaifa kuma tana danne su, sai fitsari ya riƙa jimawa a ciki. Ƙwayoyin cuta, yawancinsu daga bayan gida suke zuwa, sai su samu wurin zama. Shi ya sa ake cewa ki yi tsarki daga gaba zuwa baya, ki sha ruwa da yawa, kada kuma ki riƙe fitsari.

In cutar tana mafitsara, za ki ji zafi wajen fitsari, da ciwon mara, kina ta fita kaɗan kaɗan. In ta hau ƙoda, sai masassara mai zafi da rawar jiki, da ciwon baya ta gefe ɗaya, wani lokaci da amai. Nan mutane suke ruɗewa, su ce masassarar sauro ce, su sayi magani a kasuwa. Cutar ƙoda tana iya tayar da naƙuda kafin lokaci a haifi bakwaini, tana iya shiga jinin uwa ta kashe ta. Wata mace kuma tana da ƙwayoyin cutar ba ta jin kome, sai a wurin awo aka gano. Ita ma ana ba ta magani, yawanci na kwana 7.

To, sai rubutun da kike gani. Bayan likita ya duba ki, mai yiwuwa ki ga harafi da lamba a takardarki. Ba kuɗi ba ne, sunan cutar ne a taƙaice. Hukumar Lafiya ta Duniya tana da babban littafi da ya ba kowace cuta lambarta, a Faransanci ana ce masa CIM-10. Cututtukan ƙoda da mafitsara suna ƙarƙashin harafin N. Macen da ba ta da ciki, in ta zo da ciwon fitsari, ana iya rubuta mata N39.0. Amma duk abin da ya shafi ciki da haihuwa yana ƙarƙashin harafin O. Saboda haka mai ciki O23 za a rubuta mata: O23.1 in mafitsara ce, O23.0 in ƙoda ce, O23.4 in ba a tantance wurin ba.

Ba sai kin iya karatu ba. Harafin O zagaye ne kamar zobe, ki dube shi. In kina da ciki kika ga wani harafi dabam, ki tambaya. Duk wanda ya buɗe karnen nan gaba, ko a nan ko a likitar ƙauyenku, zai gane mai ciki ce aka yi wa magani. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, don akwai magungunan fitsari da ba a ba mai ciki, kamar doksisikilin da sifurofuloksasin. Baktirim ma ana guje masa a watannin fari da kusa da haihuwa, kuma ba a haɗa shi da Fansidar ɗin da ake ba ku a wurin awo. Mai tallar magani a kasuwa ba zai tambaye ki ciki ba. Likita yana da waɗanda ba su cutar da jariri, irin su amoksisilin da sefaleksin.

Kuɗin da ake biya a kes kashi kashi ne: ganin likita, gwajin fitsari a labo, sa'an nan magani. Tun 2006 gwamnatin Nijar ta sa awon ciki ya zama kyauta a likitocinta, amma awo dabam, jinyar cuta dabam, sau da yawa gwaji da magani ana biya. Ki ce mai karɓar kuɗi ya karanta miki abin da ke rubuce layi layi, ki karɓi rasit, ki ajiye shi cikin karne. Ba rashin kunya ba ne.

Wasu sukan ce a bar gwajin, a ba su magani kurum don a rage kuɗi. A ganinmu asara ce. Ba kowane zafin fitsari ne iri ɗaya ba. Abin da ake kira ciwon sanyi yana iya zama cutar da ake ɗauka wajen kwanciya, wadda sai an yi wa miji magani shi ma. Jini a ƙarshen fitsari kuma, ga wadda take wanki ko wanka a tafki, yana iya zama tsargiya, maganinta dabam ne.

Maigida, ga naka. Ciwon mafitsara ƙwayoyi ne na ƴan kwanaki, ta sha a gida. In aka jira ya hau ƙoda, sai kwanciya a asibiti: kuɗin gado, allurai, ƙarin ruwa, abincin mai jinya, ga aikin gona an bari. Kada ka sayi rabin maganin da aka rubuta don ta ce ta ji sauƙi a rana ta uku. Ƙwayoyin cutar da suka saura su ne za su dawo da ƙarfi. In kuɗin bai kai ba, ka faɗa mana kafin ku bar asibiti, a duba abin da za a yi.

In an gama magani, ki dawo da karnen a ranar da aka sa miki, a sake gwada fitsarin. In kuwa masassara ko ciwon baya ko ciwon naƙuda ya taso kafin ranar, ki zo nan da nan, ko da dare ne.