Bilic ko Buroshi: Wanke Tankin Ruwan Jirgi Bayan Doguwar Ajiya

A manyan tabkunan da ke tsakanin Amurka da Kanada, jiragen ruwa masu filafilai ba sa cin hunturu a cikin ruwa. Tun daga watan Oktoba ake ɗaga su a jingine a tudu, saboda tashoshin daskarewa suke yi, sai Afrilu ko Mayu a mayar da su. A Chaguaramas ta ƙasar Tirinidad kuwa guguwa ake gudu. Lokacinta yana kamawa daga farkon Yuni zuwa ƙarshen Nuwamba, shi ya sa masu jirage ke kai su can su ajiye, don tsibirin yana kudu da hanyar da guguwar ta fi bi. Akwai kuma jirgin da ke shekara biyu ko uku a tsaye, ko don mai shi ya tsufa, ko don ana jiran mai saye. Ko mene ne dalilin ajiyar, ranar da aka dawo aka murɗa famfon kicin, ruwan da zai fito ba wanda zai yarda ya kai shi baki.

Daga nan masu jirage ke rabuwa gida biyu a kan yadda za a wanke tankin ruwan. Wasu na cewa a zuba bilic, irin na wanki, a cika tanki, a bar shi ya yi aikinsa. Wasu na cewa a kwance murfin tanki, a zura hannu da buroshi, a goge. Kowane ɓangare yana da hujjar da ta cancanci a saurare ta.

Kafin a auna su, ya kamata a san abin da ake faɗa da shi. Tankin ƙaramin jirgi yakan ɗauki lita ɗari zuwa 'yan ɗaruruwa, kuma a ɓoye yake, ƙarƙashin gado ko kujera ko daɓen jirgi. Yana da bakin zuba ruwa a sama, da siririyar mesa ta shan iska, da wasu mesoshin da ke kai ruwa zuwa injin turawa, wanda ke tura shi zuwa hita da famfo da shawa. Ruwan birni da aka cika shi da shi yakan zo da ɗan kulorin, amma wannan ba ya jimawa yake gushewa. Da ya gushe, ƙwayoyin cuta sai su kama bango su lulluɓe kansu da wani yauƙi da suke fitarwa daga jikinsu. Duk wadda ta taɓa shafa cikin randar da aka kwana biyu ba a wanke ba ta san wannan santsin. A ƙasan tanki kuma laka da tsatsa suna kwanciya. Inda haske ke ratsa farar mesa, gansakuka tana tohowa. A ƙasashen sanyi akwai ƙari: ruwan nan mai launin hoda da ake zubawa a bututu don kada ƙanƙara ta fasa su yakan bar ɗanɗano da wari idan ba a ɗauraye shi sosai ba.

Babbar hujjar masu bilic ita ce isa. Duk inda ruwa ya shiga, bilic ya shiga. Ana tsarma shi a bokiti tukuna, a zuba, a cika tanki taf, sannan a buɗe famfuna ɗaya bayan ɗaya har sai an ji warin kulorin a kowanne, a rufe. Da haka ya ratsa mesa mai kaurin yatsa da ta bi bayan kabad, ya shiga cikin injin turawa, ya kai kan shawa. Hannun ɗan Adam ba zai taɓa kaiwa waɗannan wurare ba, kuma sau da yawa warin da ake ɗora wa tanki daga mesoshin yake fitowa, don a cikinsu ruwa ya fi daɗewa a tsaye.

Babbar hujjar masu buroshi kuwa ita ce gani. Wanda ya kwance murfi ya haska tocila ya san halin da tankinsa ke ciki. Zai ga ko bango fes yake ko ya yi baƙi-baƙi, zai ga laka ta kai ina, zai ga tsagewa ko tsatsa a bakin walda. Idan robar da ke toshe bakin zuba ruwa ta mutu, ruwan teku da dauɗar saman jirgi sun daɗe suna ɗiga ciki, to a nan zai gane. Mai bilic yana aiki ne da zato. Ruwansa zai iya fitowa garau alhali ƙasan tankin cike yake da dagwalo.

Ta fuskar ma'auni, bilic ya fi samun tsayayyar ƙa'ida. Hukumar CDC ta Amurka, a shirinta na duba tsabtar manyan jiragen yawon buɗe ido, ta tsayar da cewa idan ana zargin ruwan sha ya gurɓata a ɗaga kulorin zuwa miligiram 50 a kowace lita, a bar shi awa 4, sannan a ɗauraye har ya sauko zuwa miligiram 5 ko ƙasa. Masu ƙananan jirage ma kusan wannan awon suke bi. Lissafin ba wuya: idan ƙarfin bilic kashi 5 cikin ɗari ne, mililita ɗaya a kowace lita ya isa, wato mililita 200 ga tanki mai lita 200. Idan mai kashi 3.5 ne, sai a kai kusan mililita 300. Amurkawa kan ce rubu'in kofi ga galan 15, kuma in aka juya lissafin wuri ɗaya ya faɗa. Don a ji nauyin wannan adadi, Hukumar Lafiya ta Duniya tana ganin miligiram 0.2 zuwa 0.5 a lita ya wadatar a ruwan da ke isa famfon gida. Ke nan abin da ake zubawa a tanki ya ninka na sha sau ɗari ko fiye. Buroshi ba shi da irin wannan awo. Mai goga yana tsayawa ne inda idonsa ya gamsu ko inda kafaɗarsa ta gaji, kuma ido ba ya ganin ƙwayar cuta.

Sai dai wannan lissafi mai kyau yana da sharaɗi, kuma a nan ne na ga ya dace a daɗe. Kulorin ba ya zaɓen abin da zai ci. Duk wani datti da ya tarar, laka ce, tsatsa ce, yauƙi ne, a kansa yake ƙarewa. Idan tankin da tsabtarsa, miligiram 50 ɗin za su daɗe da ƙarfinsu har awa huɗun ta cika. Idan kuwa ƙasansa ya yi kauri da dagwalo, ƙarfin zai zube tun ba a je ko'ina ba, mai jirgi yana can yana duba agogo yana tsammanin aiki na tafiya. Yauƙin kansa garkuwa ne: kulorin yana ƙone na sama, na ƙasa su tsira, bayan 'yan makonni su sake yaɗuwa. Ko wanda ya mutu ma ba ya ɓacewa. Yakan ɓamɓaro ya zama baƙaƙen ɓarɓashi da ke toshe matacin injin turawa. Ga kuma bilic ɗin da kansa, wanda ke rasa ƙarfi idan ya daɗe a ajiye, musamman a zafi. Kwalbar da ta yi bazara a cikin jirgi a Tirinidad ba ta kai abin da aka rubuta a jikinta ba. Saboda haka masu lura ke sayen sabuwa, marar turare, kuma su tsoma 'yar takardar gwajin kulorin a ƙarshen awa huɗun don su ga abin da ya rage. Buroshi bai san wannan matsala ba. Abin da ya kankare ya fita, kuma da an zuƙe ragowar ruwan da ke ƙasa da soso ko injin zuƙa, dattin ya bar jirgin ke nan.

To amma shi ma buroshin yana da inda yake tsayawa cak. Yawancin tankunan jirgi akwai shamaki a cikinsu, bangaye masu 'yan ramuka da ke hana ruwa tangaɗi idan jirgi ya karkata. Murfi ɗaya ɗaki ɗaya yake buɗewa, sauran suna bayan shamaki. Wani murfin ma da ƙyar hannu ke shiga har gwiwa. Wasu tankunan ba su da murfi sam, sai a yanka a saka, kuma duk ramin da aka yanka wurin yoyo ne nan gaba idan ba a toshe shi da kyau ba. Akwai tankin da jakar roba ce mai laushi, wadda sai dai a fiddo ta a wanke ko a sake sabuwa. Aikin kansa na kwanciya rub-da-ciki ne a ƙuntataccen wuri, bayan an ɗage katifa an kwance katako, kuma yana iya cin yini guda. Na bilic kuwa yawancinsa jira ne, sai dai yana shan ruwa, don sai an cika an zubar sau biyu ko uku kafin warin ya tafi. A tashar da ake sayen ruwa da kuɗi wannan ma abin lissafi ne.

Kowannensu yana iya yin ɓarna, amma ba iri ɗaya ba. Tankin roba mai kauri bai damu da bilic ba. Na alminiyam kuwa kulorin na cin sa, yana haddasa 'yan ramuka da farin gari, kuma ko ƙarfen da ake kira marar tsatsa yakan soma lalacewa a bakin walda idan aka bar ruwan bilic mai ƙarfi ya daɗe a ciki. Robobin cikin injin turawa ma ba sa son a jiƙa su kwana da kwanaki. Shi ya sa ake cewa kada a wuce yini ɗaya, kuma kada a ƙara awo da tunanin yawa ya fi. Idan akwai matacin ruwa na gawayi, dole a cire shi kafin a fara, don zai shanye kulorin ɗin. Idan jirgin yana da injin da ke mayar da ruwan teku na sha, sai a raba shi da layin gaba ɗaya, don kulorin yana lalata fatar da ke tace gishirin, ita kuwa tsada gare ta. Wasu na ɗauraye tanki da ruwan khal don kashe ɗanɗanon kulorin. Wannan sai bayan an fitar da bilic ɗin tas, domin haɗuwarsu tana tayar da iskar kulorin mai guba, kuma cikin jirgi ba wurin da iska ke yawo ba ne. Ɓarnar buroshi ta fi sauƙi amma ba ta gyaruwa: waya ko soson ƙarfe suna karce bango, kuma a cikin karcen nan yauƙi ya fi samun wurin kamawa. Buroshi mai laushi da ɗan sabulun wanke kwano ko bakar soda sun isa.

Akwai wuri ɗaya da hujjar lafiya ta karkata ga masu bilic ƙwarai. Ƙwayar Legionella, wadda aka gano bayan ɓarkewar ciwon huhu a wani taron tsofaffin sojoji a Filadelfiya a 1976, tana haɓaka a ruwa mai ɗumi da ke tsaye, tsakanin digiri 20 zuwa 45. Ta hanyar shaƙar feshin ruwa take shiga huhu, wato a shawa. Hitar jirgi da mesar shawa da suka yi watanni a zafi wuri ne da ya dace da ita, kuma duk gogar da aka yi wa tanki ba ta taɓa su ba. Nan sai kulorin, sai kuma ɗaga zafin hita zuwa digiri 60. Mutumin da ya ce shi ruwan kwalba yake sha, na tanki na wanka ne kawai, bai kuɓuta daga wannan ba.

Da aka jera su haka, ra'ayina ya dogara ga tsawon ajiyar da yadda aka yi ta. Jirgin da aka zubar da ruwansa kafin hunturu, ya yi wata shida a sanyi, aka leƙa aka ga bango fes, bilic kaɗai ya wadace shi, kuma kwance katako don goga wahala ce marar riba. Jirgin da aka bari da rabin tanki a ƙasar zafi, ko wanda ya shekara biyu a tsaye, ko wanda aka saya ba a san tarihinsa ba, ina tare da masu buroshi: a buɗe, a goge, a zuƙe ƙasa, sannan bilic ya biyo baya ya tarar da tanki mai tsabta da zai iya riƙe ƙarfinsa. Idan tankin ba shi da murfi, na fi son a yanka a saka da a yi ta zuba magani a duhu shekara da shekaru. Abin da ya sa na fi jin tsoron bilic shi kaɗai a irin wannan hali shi ne yana kashe wari, mutum ya saki jiki ya shayar da iyalinsa a tsakiyar teku, inda likita ke da nisan kwanaki.

Mesoshi kuwa ba na ba su dogon uzuri. Wadda aka haska aka ga cikinta ya yi baƙi, buroshi ba ya shiga, bilic ba ya fidda shi duka. A cire ta a saka sabuwa, irin wadda aka yi don ruwan sha, marar barin haske ya ratsa, kuma a sake robar bakin zuba ruwa tun ana nan kafin a cika tankin karo na ƙarshe.