Yadda ƙasusuwan jariri ke ginuwa a ciki, da nakasar da za a iya hanawa tun daga farko

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa jarirai kimanin 240,000 ne ke mutuwa duk shekara kafin su cika kwana 28 saboda tawayar da aka haife su da ita, kuma tara cikin goma na yaran da ake haifa da mummunar tawaya suna cikin ƙasashe matalauta da masu matsakaicin arziki. Wani ɓangare na wannan tawaya ya shafi ƙasusuwa, kuma yana faruwa ne a makonnin da mace ba ta ma tabbatar tana da juna biyu ba.

Makonni takwas na farko

A mako na uku bayan shigar ciki, ɗan tayi bai kai ƙwayar gero ba, amma ƙwayoyin halittarsa sun kasu gida uku, kuma daga na tsakiyar ne akasarin ƙasusuwa da tsoka ke fitowa. Wajen kwana na 20, wasu ƙananan dunƙule-dunƙule kan jeru bibbiyu a bayansa, su ne ke zama gaɓoɓin ƙashin baya da haƙarƙari. A tsakaninsu akwai wani kwari da ke naɗewa ya zama bututu, wanda daga baya zai zama ƙwaƙwalwa da laka. Wannan bututu kan gama rufewa zuwa kwana na 28.

A ƙarshen mako na huɗu hannaye kan fara tsirowa kamar ƙananan ƙuraje, ƙafafu su biyo baya da kwana ɗaya ko biyu. Zuwa mako na shida an samu siffar ƙasusuwan, amma da guringuntsi. Tafin hannu kan fara ne a haɗe kamar na agwagwa, sai ƙwayoyin da ke tsakanin yatsu su mutu, yatsun su rabu zuwa mako na takwas. Daga nan ƙashi kan riƙa maye gurbin guringuntsi a hankali, aikin da ba ya kammala sai mutum ya kai shekara ashirin ko fiye. Shi ya sa jariri ke zuwa duniya da guntayen ƙasusuwa kusan 300, waɗanda ke haɗewa su koma 206 a jikin baligi. Ƙasusuwan ƙoƙon kai ma ba a haɗe suke zuwa ba. Giɓin da ke tsakaninsu shi ne maɗiga, wadda kan rufe kafin yaro ya cika shekara biyu.

Inda ake samun tangarɗa

Idan ƙasan bututun nan bai rufe ba, gaɓoɓin ƙashin baya ba za su haɗu a kan laka ba. Wannan ita ce lalurar da likitoci ke kira spina bifida. Jariri na iya zuwa da ƙullutu a gadon baya, da shanyewar ƙafafu, da kasa riƙe fitsari da bayan gida, sau da yawa har da taruwar ruwa a kai.

Murɗaɗɗiyar ƙafa, inda tafin ke lanƙwashewa ciki, kan samu kusan jariri ɗaya cikin 1,000. Cindo kuwa kan fito ne idan yatsun da suka tsiro sun wuce biyar, kuma ya fi yawa a tsakanin baƙar fata. Nau'in wadanci da ya fi yawa yana faruwa ne saboda sauyi a wata ƙwayar gado da ke rage girman guringuntsi, kuma kimanin kashi 80 cikin 100 na masu shi iyayensu masu tsayi ne kamar kowa. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ke da alaƙa da aljanu ko laifin uwa.

Darasin thalidomide

A 1957 kamfanin Grünenthal na Jamus ta Yamma ya fara sayar da thalidomide, maganin barci da aka riƙa bai wa masu laulayi. Kafin a janye shi a 1961, an haifi jarirai fiye da 10,000 a ƙasashe da dama da guntayen hannaye ko ƙafafu. Bincike ya nuna maganin na yin ɓarna ne tsakanin kwana na 20 da na 36, daidai lokacin da gaɓoɓi ke tsirowa. Amurka ta tsira daga mafi yawan bala'in saboda Frances Kelsey, jami'a a hukumar kula da abinci da magunguna, ta ƙi amincewa da shi sai an kawo ƙarin hujja. A yau ma akwai magungunan da ke da haɗari, kamar valproate da ake bai wa masu farfaɗiya. Mai shan sa da ke son haihuwa ta nemi shawarar likita tun kafin ciki, kada ta daina da kanta.

Abin da ke hannun hukuma

A 1991 wani babban bincike da hukumar nazarin lafiya ta Birtaniya ta jagoranta ya tabbatar da cewa sinadarin folic acid na rage sake aukuwar lalurar rashin rufewar bututun da kusan kashi 70 cikin 100. Shawarar ita ce mace ta riƙa shan maikirogiram 400 kullum tun kafin ta ɗauki ciki. Matsalar ita ce wadda ta fara zuwa awo a wata na huɗu ta riga ta makara. Don haka ne Amurka ta wajabta zuba sinadarin a fulawa da sauran hatsin masana'anta daga 1998, kuma a Mayun 2023 babban taron Hukumar Lafiya ta Duniya ya buƙaci ƙasashe su hanzarta irin wannan mataki.

Najeriya na da dokar ƙara sinadarai a fulawa da sukari da man girki na masana'anta. Sai dai gidan da tuwonsa ke fitowa daga gero ko dawa ko masarar da aka kai injin niƙa na unguwa bai cika amfana da ita ba. Irin wannan gida sai asibitin sha-ka-tafi da ke da ƙwayar a ajiye, da ma'aikaciyar lafiya da za ta yi wa amarya bayani tun kafin ciki.

Magani ma ba duka ne ke da tsada ba. Hanyar da likita Ignacio Ponseti ya ɓullo da ita a Jami'ar Iowa na miƙar da murɗaɗɗiyar ƙafa a fiye da kashi 90 cikin 100 na yara, ta hanyar sauya filasta duk mako na kusan wata biyu, da ɗan yanka a jijiyar dunduniya, sannan takalmi na musamman da yaro zai riƙa kwana da shi har shekara huɗu. Ta fi aiki idan an fara a makonnin farko, kuma uwar da ta haihu a gida nesa da asibitin ƙashi irin na Dala a Kano na buƙatar wanda zai gane lalurar ya tura ta da wuri.

Dokar hana nuna wa masu nakasa wariya, wadda aka sanya wa hannu a Janairun 2019, ta kare haƙƙin waɗanda aka riga aka haifa. Rage yawan waɗanda za a haifa da lalurar da ake iya hanawa kuwa ya dogara ne da abin da gwamnatocin jihohi da ƙananan hukumomi ke warewa asibitocin matakin farko, da kuma ko kuɗin na isa can.