Tasoshin Tagulla Na Gado: Kada Baƙinsu Ya Sa Ki Sayar

Kafin zuwan langa da samira, tasar tagulla ce ke ƙawata jeren ɗakin mace a ƙasar Hausa. Har yanzu a tsofaffin gidajen Kankiya da Kusada za ki tarar da irinsu a ƙarƙashin gado ko bayan rumbu, sun yi baƙi ƙirin, wasu sun yi kore. Daga nan kuma sai hannun 'yan jari bola, waɗanda ba ruwansu da zane ko shekaru, nauyi kawai suke aunawa a sikeli su biya kuɗin kilo, a je a narkar.

Da yawa daga cikin tasoshin nan aikin maƙeran Bida ne a ƙasar Nufe, inda unguwar Tswata Mukun ta yi suna wajen ƙirar tagulla, da guduma ake buga zanen ɗaya bayan ɗaya. Wasu faranta da butocin kuwa na Indiya ne. Birnin Moradabad ya shahara da wannan sana'a, a can ana ƙera har da gumakan Hindu da firam ɗinsu na ado, abin da ba shi da wuri a ɗakin Musulma. Amma tasa halal ce. Zinariya da azurfa aka hana ci da sha a cikinsu, kuma ya zo a Bukhari cewa Manzon Allah (SAW) ya yi alwala da ruwa a mazubin tagulla.

Baƙin nan ba lalacewa ba ne. Tagulla haɗin jan ƙarfe ne da tutiya, iska da danshi ne ke dusashe fuskarta, cikinta lafiya lau. Fara gwada ta da mayen ƙarfe. Idan ya manne, baƙin ƙarfe ne aka yi wa rufi, to ki bi a hankali kada rufin ya goge. Idan bai manne ba, jiƙa tsamiya a ruwan ɗumi ta yi kauri, zuba gishiri kaɗan, ki shafa da tsumma mai laushi kina murzawa. Lemun tsami da gishiri ma yana yi. Minti biyar zuwa goma ya isa, in kika bari ta kwana a ciki tsamin zai ci tutiyar, tasar ta koma ja-ja. Ɗauraye da ruwa mai yawa, ki goge ta bushe sarai nan take, don ɗigon ruwa ma tabo yake bari. Cikin zanen kuwa tsohon buroshin haƙori ne ke shiga.

Don Allah kada a ba yara su dirje ta da yashi ko soson ƙarfe yadda ake wa tukunya. Zanen da ya kai shekara hamsin yana iya shafewa. Sababbin na Indiya masu ƙyalli galibi an shafe su da wani man kariya, tsumma mai ɗan laima ya ishe su.

Sai abin da ya fi damuna. Na sha ganin an dama fura da nono a tasar tagulla, ko an bar kunun tsamiya ko zoɓo a ciki. Tsami yana narko da jan ƙarfe cikin abincin, ya jawo amai da ciwon ciki, kuma koren nan guba ne. Wasu tsofaffin ma akwai dalma a haɗinsu, dalma kuwa mun ga abin da ta yi wa ɗaruruwan yara a Zamfara a 2010, duk da cewa can daga dutsen zinariya ta fito. Ki bar tasar ga goro, dabino, alawa ko turaren wuta.

In ta marigayiya ce ba a raba gado ba, ba taki ba ce ke kaɗai balle ki sayar, sai da yardar sauran magada. Kafin damina ta faɗi, ki naɗe ta da tsohon zane na auduga, ba leda ba, ki ɗora a sama inda danshin ƙasa ba ya kaiwa.