Tafiya Umara da ƙananan yara: me za ku sa a jakar hannu?

Yawancin iyaye idan za su fita waje da yara, babban akwati suke ba ƙarfi, a danna kaya har sai an hau kansa kafin zif ya rufe. Alhali da an auna shi a filin jirgin Malam Aminu Kano, kun rabu da shi ke nan sai Jidda ko Madina, wani lokaci ma ya biyo wani jirgin bayan kwana biyu. Jakar hannu ce za ta riƙe yaro, don haka a zuba mata duk abin da zai buƙata na yini da kwana guda.

A fara da takardu. Ko jariri ne sai da fasfo nasa da bizarsa, kuma ya zama fasfon yana da sauran aƙalla wata 6. Saudiyya tana neman shaidar rigakafin zazzaɓin shawara ga mai zuwa daga Najeriya da ya wuce wata 9 da haihuwa, ga kuma rigakafin sanƙarau da na shan-inna. Allurar shawara sai ta kwana 10 kafin a karɓi katinta, saboda haka kada a bari sai ana gobe tafiya.

Daga Kano zuwa Jidda awa huɗu zuwa biyar ne a sama, amma ku haɗa da zaman jira da layin shige da fice da motar zuwa Makka. Ku ɗauki famfas fiye da lissafinku, da tishu mai danshi, da ledar ƙulle wanda ya ɓaci, da kayan canji kala biyu. Uwa ma ta sa riga da hijabi ɗaya nata, domin yaron da ya yi amai a jirgi ba kansa kaɗai yake ɓatawa ba. A ƙara rigar sanyi da safa. Makka tana wuce digiri 40 lokacin zafi, amma cikin jirgi da ɗakin otal sanyi ne sosai.

A wajen bincike ba a wucewa da ruwa ko mai a mazubin da ya fi mililita 100, sai dai ana sassautawa ga madara da abincin jariri idan kun fito da su an gani. Ku tanadi fida ɗaya don lokacin saukar jirgi. A nan ne iska ke danne kunne yara su ɓarke da kuka, kuma haɗiya ce ke buɗe shi: a ba jariri nono, a ba babba alewa ya tsotsa.

Magani kuwa, farasitamol na yara da garin haɗa ruwan gishiri da sukari sun isa, sai wanda likita ya ɗora yaro a kai, a cikin kwalinsa tare da takardar likitan. Maganin tari mai kodin da tiramadol kan jefa mutum hannun hukuma a Saudiyya, goro ma an hana shiga da shi. Kada ku karɓi saƙon da ba ku buɗe kun gani ba, ko na ɗan'uwa ne. Batirin cajin waya kuma a jakar hannu ake sa shi, ba a akwati ba.

A ganina zanen goyo ya fi keken tura yaro amfani a cunkoson Harami, ga shi yana zama shimfiɗa da mayafi. Yaron da ya fara gudu kuwa, ku rubuta sunan otal da lambar wayarku ku ɗaura masa a hannu tun daga gida. Sauran famfas da madara kada ku cika akwati da su, akwai su a shagunan Makka da Madina.