Iyakar Nauyi da Nau'in Fiffike a Cinikin Jirgin Sama Haɗin Gida

A Amurka da wasu ƙasashen Turai doka ta yarda mutum ya haɗa ƙaramin jirgin sama da hannunsa, ya yi masa rajista, ya tashi da shi. Yawanci kamfani ne ke sayar da sassan a cikin akwatuna tare da zane, mai saye kuma ya yi shekaru yana harhaɗawa a garejinsa. Sharaɗin hukumar kula da sufurin sama ta Amurka, wato FAA, shi ne fiye da rabin aikin ya fito daga hannun wanda ba don kasuwanci ya yi ba. A idon doka, wannan mutumin shi ne maƙerin jirgin, ba kamfanin da ya sayar da sassa ba. Daga nan ne matsalar mai sayen na hannu take farawa, domin jirage biyu masu suna ɗaya da fenti iri ɗaya suna iya bambanta ƙwarai a abin da za su ɗauka.

Kowane jirgi yana da nauyinsa in babu komai a ciki, yana kuma da iyakar nauyin da aka yarda ya tashi da shi. Abin da ke tsakanin biyun shi ne rabon matuƙi da fasinja da mai da kaya. A jirgin kamfani wannan iyaka hukuma ce ta tantance ta. A haɗin gida kuwa, mai zanen yana ba da shawara ne, wanda ya haɗa shi ne ke rubuta adadin a takarda. Wani sai ya ga jirginsa ya fito da nauyi saboda babban inji da kujeru masu laushi da fenti mai kauri, sai kawai ya ɗaga adadin. Alƙalami ya ƙara lamba, amma ƙarfen da ke riƙe da fiffike bai ƙaru da komai ba.

Jirgin Kitfox, wanda Dan Denney ya fito da shi a jihar Idaho a 1984, misali ne mai kyau. Samfurin farko iyakarsa laba 850 ce, kusan kilo 386. Na biyu ya kai laba 950, na uku 1,050. Na huɗu ya zo iri biyu, mai laba 1,050 da mai 1,200, kuma a nan ne masu saye suka fi ruɗewa, don daga nesa kamar tagwaye suke. Mai 1,200 an ƙara masa kaurin sandunan da ke tokare fiffike, da bututun ƙarfen da ke ratsa gangar jiki su haɗa fukafukan biyu, da ƙafafun sauka, an kuma ƙara tsayin jela. Wanda ya sayi mai 1,050 ya sauya sandunan tokara kaɗai bai mayar da shi mai 1,200 ba, tunda sauran ƙarafan suna nan a walde cikin gangar jiki.

Lissafin ba shi da wuya. A ce jirgi mai iyakar laba 1,050 nauyinsa 650 ne babu kowa. Saura 400. Maza biyu masu laba 170 kowanne sun cinye 340. Galan ɗaya na man jirgi laba 6 ne, ke nan galan 10 kacal ya rage, kusan lita 38, ba a sa ko jaka ba. Babbar mota in lodi ya fi ƙarfinta, gefen titi take komawa. Jirgi ba shi da gefen titi. Fiffiken da aka tsara ya jure ninki 3.8 na laba 1,050, in aka ɗora masa 1,200 juriyarsa ta sauko kusan ninki 3.3, kuma ita wannan rarar ce ake dogaro da ita a cikin iska mai bugu ko lokacin kwana mai tsanani. Saurin da ƙasa da shi fiffike ke daina ɗaukar jirgi shi ma yana hawa da kusan kashi 7 cikin ɗari, ga ƙarin filin da ake bukata kafin tashi.

Shi kansa fiffiken iri-iri ne. Avid Flyer, wanda Dean Wilson ya zana a 1983, an sayar da shi da dogon fiffike na tashi a gajeren fili, da gajere na gudu, da kuma wanda aka ƙarfafa don ɗaukar kaya. Gajeren yana ba da sauri amma yana sauka da gudu, saboda haka bai dace da mai ƙaramin filin ciyawa ba. Tunda fukafukan sukan shiga gangar jiki iri ɗaya, ana samun jirgin da aka sauya wa fiffike bayan haɗari, takarda tana faɗin abu ɗaya, jirgi yana ɗauke da wani.

Wani lokacin bambancin nau'i maganar rai ce kai tsaye. Bayan jerin haɗurra inda fukafukan Zodiac CH 601 XL, zanen Chris Heintz, suka karye a sama, hukumar binciken haɗurra ta Amurka, NTSB, ta nemi a dakatar da jirgin a watan Afrilun 2009. A watan Nuwamba na shekarar FAA ta ja kunnen masu shi kada su tashi sai an yi gyara, kamfanin Zenith mai sayar da kayan haɗa jirgin kuma ya fitar da sassan ƙarfafa ƙashin fiffike da mahaɗarsa. Yawancin gyaran yana cikin fiffike, ido ba ya ganinsa daga waje. Dole a buɗe ƙofofin dubawa da tocila da madubi, a kuma ga shaidar aikin a littafin tarihin jirgin.

Saboda haka mai saye yana farawa ne da lambar kayan da kamfani ya sayar, ya tambayi kamfanin ko ƙungiyar masu irin jirgin wane samfuri ne da wace iyaka mai zane ya ba shi. Sai ya duba takardar sharuɗɗan tashi da rubutun sa'o'in gwaji na farko, waɗanda sukan kasance 25 ko 40, domin a nan ake rubuta nauyin da aka gwada jirgin da shi. Tsohuwar takardar awo ba abin dogaro ba ce, don jirgi yana ƙara nauyi da shekaru: rediyo, batir, gyare-gyare. A hau da shi sikeli uku, ɗaya ƙarƙashin kowace taya, a sake lissafin nauyi da inda ya rinjaya. Binciken kuma makanikin da ya san wannan nau'in ne zai yi, ba abokin mai sayarwa ba. Idan adadin da ke takarda ya fi na mai zane kuma babu shaidar ƙarfafawa, adadin mai zane ne iyakar jirgin, kuma da shi ake yin ciniki.